Tsaya har ya haɗiye

Ɗana, jiya muna rufe tagar ba da magani ka tambaye ni dalilin da ya sa a nan gidan gyaran hali ba ma ƙulla wa mutum maganin mako guda a leda kamar yadda kuke yi a kemis ɗin da ka fara koyo, sai dai ya haɗiye a gabanmu, har mu ce ya buɗe baki. Ka ce abin na ba ka kunya, musamman in dattijo ne sa'ar mahaifinka. Kunyar nan kada ka yar da ita, za ta yi maka amfani. Amma ji abin da idona ya gani.

A shekarata ta biyu a gidan gyaran hali, akwai wani saurayi mai farfaɗiya da nake ba fenobabiton na kwana bakwai-bakwai. Katinsa daidai, rajistata daidai, amma da wuya mako ya fita ba a ɗauko shi ranga-ranga ba, ya faɗi ya ciji harshe. Har likita ya fara shawarar ƙara masa. Ashe ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga cikinsa. Yana komawa ɗaki masu ƙarfi ke karɓewa, su musanya da sabulu, da gari, da wurin kwana kusa da taga. Tsoro ya hana shi faɗa. Da muka koma ba shi ɗaya-ɗaya da kofin ruwa a hannu, faɗuwar ta lafa. Har yau in na tuna watannin da yaron nan ya sha wuya ina nan ina cika rajista, sai raina ya ɓaci.

A cikin katangar nan ƙwaya kuɗi ce. Diyazafam, tiramadol, duk abin da ke sa barci ko maye yana da kasuwa. Ka san ɓarnar da kodin ya yi wa samarinmu kafin gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, kuma wasu daga cikin samarin suna nan tare da mu. In ka damƙa wa mai rauni leda cike, ka ɗora masa kayan da ba zai iya karewa ba. Akwai kuma wanda zai yi ta tarawa a ƙarƙashin tabarma saboda baƙin ciki ya yi masa yawa. Amitiriftilin, maganin ciwon damuwa, in ya taru yana tsayar da zuciya, farasitamol ɗin da ake rainawa yana lalata hanta.

To, ina amfanin kunyar? A yadda za ka yi. Gaishe shi tukuna, ka ce Baba ko Malam, ka miƙa ruwa da hannun dama. Ka gaya masa kowa ake yi wa haka. Gandiroba ya ja baya kaɗan, don sunan ciwon mutum ba na layi ba ne, balle mai shan maganin ƙanjamau. Kuma duk wanda ya ce ka riƙe wa wane magani saboda ya yi laifi a ɗaki, ka ce masa hukunci ba a tagarka yake ba. Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce ɗaurarre ya sami kulawar lafiya daidai da ta mutanen gari.

Masu tarin fuka su ne za ka fi sa wa ido. Wata 6 ne: wata 2 na farko magani huɗu, sauran 4 magani biyu. Tun ranar farko ka sanar da shi fitsarinsa zai yi ja saboda rifamfisin, kada ya tsorata ya bari. Wanda ya katse a tsakiya na iya tashi da tarin da ba ya jin magani, a ɗakin da mutane ke kwana kafaɗa da kafaɗa. Mai jiran shari'a kuwa yau yana nan, gobe kotu ta ba da belinsa ko an sauya masa gida. Kada ya fita sai da katinsa da takardar asibitin da zai ci gaba.

Mutumin gari in bai yarda da maganinka ba sai ya tafi wani kemis. Ɗaurarre kuwa ba shi da inda za shi. Shi ya sa nake duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a kan kowane kwali, har wanda 'yan uwa suka kawo bakin ƙofa, kuma ba na karɓar ƙwayar da aka zare daga kwalinta. Insulin, allurar masu ciwon suga, na son firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka safe da yamma ka karanta ma'aunin ka rubuta, balle a Afrilu in wuta ta ɗauke.

Gobe ka zo ƙarfe bakwai. Za mu buɗe akwatin ƙarfen da muke kulle magunguna tare, kai ka ƙirga ni in duba rajista, sannan mu sa hannu mu biyu kafin a buɗe ɗakuna.