Filin Tambayoyinku: Sarki Richard na Ingila da Salahuddin

Tambaya: Malam, da gaske ne Sarki Richard na Ɗaya, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Zuciyar Zaki, ya taɓa haɗuwa da Salahuddin Ayyubi ido da ido? Kuma yaya mulkinsa ya kasance?

Amsa: Ba su taɓa haɗuwa ba, duk da cewa sun gwabza yaƙi a kan birnin Ƙudus, wanda ke hannun Salahuddin, sarkin Masar da Sham. Ƙanen Salahuddin, Al-Adil, shi ya riƙa kai-komo tsakaninsu. Richard ya hau gadon sarauta a 1189, amma cikin shekaru goma na mulkinsa kimanin wata shida kacal ya yi a Ingila, ƙasar da ya mayar tamkar rumbun kuɗin yaƙi.

A 1191 ya ci birnin Akka da ke gaɓar tekun Falasɗinu, inda ya sa aka kashe fursunoni Musulmi kimanin 2,700 a gaban idon rundunar Salahuddin, abin da har yau yake tabo a tarihinsa. Ya yi nasara a kan Salahuddin a yaƙin Arsuf, amma Ƙudus ta gagare shi, sai suka ƙulla sulhu a 1192 wanda ya ba Kiristoci masu ziyara damar shiga birnin.

A hanyarsa ta komawa aka cafke shi kusa da birnin Biyana na ƙasar Austriya, kuma sai da talakawansa suka sha haraji mai tsanani kafin a fanshe shi a 1194. Kibiya ce ta yi ajalinsa a 1199, lokacin da ya yi wa wata ƙaramar ganuwa ƙawanya a Faransa, sannan ƙanensa John ya gaje shi.