Fijo 504 mai buɗaɗɗen kai da aka bari gado: ta ina ake fara yi mata kuɗi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci abin da ya bari.

Na ga tambayarka: Peugeot 504 mai ƙofa biyu, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya, ta haura shekara 20 a ajiye a garejin gidanku na Kaduna, wani dillali ya zo ya taya, magada kuma suna son a san kuɗinta kafin rabo. Wasu sun ce a kai ta fenti tukuna, wasu sun ce gwangwani ce, a kira masu kilo. Duka biyun kada ka bi. Na daɗe ina sayen tsofaffin Fijo ina tayarwa, irin wannan kuma sau ɗaya ta taɓa bi ta hannuna, amma ta koya mini karatun da har yau ban manta ba.

Kafin zancen kuɗi, ka tabbatar ita ɗin ce. Wannan mota ba a taɓa haɗa ta a PAN, kamfanin haɗa Fijo da ke Kakuri, ba. Kamfanin Kaduna ya fara aiki a 1975, shi ya ba mu salun da wagon da a-kori-kura da muka tashi muka gani. Mai buɗaɗɗen kan kuwa tun 1969 aka fito da ita a baje kolin motoci na Geneva, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi ne kuma yake ƙera jikinta a Turin, aka daina yin ta a 1983. Duk tsawon shekarun nan dubu 8 da 'yan kai kawai aka yi. Ka ga ke nan da suna take tarayya da 504 ɗinmu, amma ko ƙofa ɗaya ta salun ba ta shiga jikinta.

Me ya sa na ce ka tabbatar? Don na sha ganin salun da aka yanke wa rufi saboda fareti ko biki, mai ita yana rantsuwa haka ta zo daga Faransa. Ɗauki awo ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Ta asali mita 2.55 ce, salun kuma 2.74. Sannan ka buɗe gaban mota ka nemi ɗan farantin ƙarfen da aka buga lambar shasi. Bayan 504 za ka ga harafi: A na salun ne, B na mai buɗaɗɗen kai, C kuma na 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe. In ka ga C a motar da ba ta da rufi, to wani ne ya sa mata zarto, kuɗinta ya faɗi warwas. Lambar farantin nan kuma ta zo daidai da ta takardun mota da na kwastan. A Sochaux, garin Peugeot, akwai sashen adana tarihinsu, L'Aventure Peugeot, suna bayar da takardar shaidar lokacin da aka ƙera mota idan aka tura musu lambar. Mai saye daga waje yana girmama wannan takarda fiye da bakin kowane dillali.

To yanzu ga inda kuɗin yake, kuma nan ne mutanenmu suke kuskure. Mu in za mu sayi mota, abin da muke fara tambaya shi ne, injin na tashi? A wannan motar injin ne abu mafi sauƙi. Jiki ne komai. Mota mai rufi, rufin yana taimakawa wajen riƙe ta. Wannan ba ta da shi, ƙarfinta gaba ɗaya yana ƙasa, a dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi da kuma daben motar. In tsatsa ta cinye su, motar takan lanƙwashe a tsakiya kamar tsohon gadon ƙarfe. Gwajin ba shi da wuya: sa jak ka ɗaga gefe ɗaya, ka buɗe ƙofa ka rufe. In ta cije, ko ka ga tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ta canza, akwai magana. Ɗaga kafet ka duba daben, musamman wajen ƙafar direba da bayan kujeru inda rufin yake kwanciya, don in tamfol ya yage nan ruwan damina yake taruwa ya kwana. Duba ƙasan but, da kewayen tayoyi, da gindin gilashin gaba. Ka riƙe sukundireba kana ɗan dannawa, ka kuma bi jikin da mayen ƙarfe a naɗe cikin ƙyalle. Duk inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa aka shafe da fenti.

A nan muna da sa'a ɗaya. Turawa suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ke cinye musu irin waɗannan motoci tun daga ƙasa. Motar da ta zauna a Arewa cikin gareji mai rufi tana iya fin tasu lafiyar ƙarfe nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe namu shi ne rana da ɓera: dashbod ya tsattsage, robobi su bushe, wayoyi su zama abincin dare. In ta yi zaman Legas ko Fatakwal kafin ta hauro, ka ƙara sa ido, iskar teku ba ta da kirki.

Bayan jiki sai ƙananan kayan da ita kaɗai ke da su. Fitilun gaba da na baya, gilashin gaba, bamba, adon ƙarfe mai ƙyalli, tambarin Pininfarina na gefe, da uwa uba ƙarafan da ke naɗe rufin. Tamfol ɗin kansa ana ɗinka sabo, amma ƙarafan in sun ɓace ka shiga uku. Za ka zagaye Panteka da Ƙofar Ruwa har takalminka ya ƙare ba ka samu ko ɗaya ba, sai dai a nemo daga Turai, da kuɗin Yuro. Fitilun ma suna gaya maka zamaninta: ta farko tana da ƙanana huɗu a gaba da uku-uku a karkace a baya, daga 1974 aka mayar da su dogaye guda-guda. Masu tara motoci sun fi son fuskar farko. Don haka ka sa yara su kwashe duk tarkacen da ke garejin da sito su ajiye wuri ɗaya, kada a zubar da ko noti. Dattawanmu ba sa yar da abu, wataƙila abin da aka cire shekara 30 da suka wuce yana nan cikin wani kwali.

Injin kuma, ka ƙirga filogi. In huɗu ne, da farko 1.8 ne, daga baya ya koma lita 2, kuma na asali ba kafireta gare shi ba, famfon injekta ne na Kugelfischer. Makanikanmu da yawa ba su saba da shi ba, da ya fara gardama sai su cire su ɗora kafireta, ko su sauke injin ɗungurungum su sa na salun. Motar za ta yi tafiya lafiya lau, amma darajarta ta ragu, sai dai in tsohon famfon da kayansa suna ajiye. In kuwa ka ƙirga shida, to ka zauna da kyau. Wannan shi ne V6 mai lita 2.7 da Peugeot da Renault da Volvo suka yi tare, an sa shi a mai buɗaɗɗen kai daga 1974 zuwa 1977 kawai, kuma ba su kai 1,000 ba. Roƙona ɗaya: kada wani ya zo da batir ya ce bari mu ji kukanta. Man da ke tanki ya zama ƙaro, silinda a bushe suke. A cire filogi, a ɗiga mai a bari ya kwana biyu, a juya injin da hannu. In ya juya, ka rubuta "yana juyawa", ya wadatar.

Lissafin da nake yi shi ne daga sama zuwa ƙasa. Ka nemi farashin da aka sayar da gyararriya irinta, shekara ɗaya, inji ɗaya. Wanda aka sayar nake nufi, ba wanda mai ita ya rubuta yana jira ba. Sakamakon gwanjon da kamfanin Artcurial ya yi a baya a Rétromobile, bikin tsofaffin motoci na Faris, yana nan a intanet, tallace-tallacen Leboncoin, shafin saye da sayarwa na Faransa, kuma za su nuna maka yadda ake kiran kuɗin marasa lafiya. A ce gyararriyar 100 ce. Sai ka cire kuɗin walda da fenti, kujeru da tamfol, birki, wayoyi, tayoyi, kayan da za a yo oda. Abin da makanike ya ƙiyasta ka ƙara masa rabi, don ban taɓa buɗe tsohuwar mota na tarar da aikin ya tsaya inda aka ce ba. In mai sayen zai fitar da ita waje, shi ma zai cire kuɗin kai ta tashar jirgin ruwa da kwantena da haraji. Abin da ya rage shi ne kuɗin motarka a yau. Mai lafiyayyen ƙarfe da cikakkun kaya tana iya tsira da kaso mai kyau. Wadda ƙasanta ya ruɓe, lissafin yakan faɗa ƙasa da sifili, sai dai a yi mata kuɗin kayan jikinta, wanda shi ma ya fi kilo sau da yawa.

Tawa da na ce ta koya mini karatu, ga yadda aka yi. Na ɗauka in na gyara zan fi samun riba, na kai wa wani mai gyaran jiki da ya ƙware a tasi. Ya toshe ramuka da fila, ya watsa mata ja mai sheƙi alhali asalinta fara ce, ya yar da robobin gilashi ya sa na wata mota. Mutumin da ya zo saye ya zagaya ta da ɗan abin auna kaurin fenti, bai yi minti goma ba ya ce da na bar ta da ƙurarta da ya fi biya, don yanzu sai ya kankare aikina kafin ya fara nasa. Na sayar ƙasa da abin da na kashe. Shi ya sa nake ce maka wanka kawai za a yi mata, da ruwa da sabulu.

Tunda dukiyar magada ce, kada ka tsaya kan tayin mutum ɗaya, balle wanda ya zo da gaggawa yana cewa taimaka muku zai yi ya kwashe ta. Nemi tayi uku a rubuce, a faɗi la'adar dillali a fili tun farko, kowa ya gani. In wani cikinku yana son ya riƙe ta don tunawa da Baba, sai a yi mata kuɗi a kan tayi mafi tsoka a cire daga kasonsa, malamin da zai yi rabon zai daidaita sauran.

Turo hotunan farantin lamba, da ƙarƙashin ƙofofin biyu, da daben bayan an ɗaga kafet, da injin daga sama, da ƙarafan rufin a buɗe. In na gani zan gaya maka ko tayin dillalin nan ya kama hanya.