Matambayi Ba Ya Ɓata: Aikin Malamin Tsimi da Tanadi, Daga Aji Zuwa Teburin Gwamnati

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan makon, dukkansu daga cikin birnin Kano.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ta gama digirin farko a tsimi da tanadi a Jami'ar Bayero da sakamako mai kyau, yanzu tana bautar ƙasa. Ta ce koyarwa a jami'a take so. Ni ɗan kasuwa ne, ban san kan abin ba. Ta ina ake farawa, kuma shekara nawa ake ɗauka? Daga wani Alhaji a Kantin Kwari.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi mata albarka. Tsanin hawa bakwai ne. Mai digirin farko yana shiga a matsayin mai taimaka wa malamai, mai digiri na biyu ya zama mataimakin lakcara, mai digirin digirgir kuwa a lakcara mai daraja ta biyu yake farawa. Sai daraja ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Digiri na biyu yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa 2, na digirgir 3 in an yi sa'a. A yawancin jami'o'i ba a ƙarin girma sai an shekara 3 a mataki, wato daga lakcara mai daraja ta biyu zuwa farfesa shekara 12 ke nan, in ba a yi tuntuɓe ba. Hawa biyun ƙarshe kuma sai an aika rubuce-rubucen mutum ga masana na wasu jami'o'in sun auna.

A nan ake zamewa. Koyarwa kaɗai ba ta ɗaga malami, sai da maƙalu a mujallun bincike, shi ya sa masu gaggawa ke biyan kuɗi a buga musu cikin mako guda a mujallun da ba wanda ke tace su. Ranar tantancewa a watsar da su, kuɗi ya tafi, shekaru sun tafi. Ta riƙe lissafi da ƙididdiga tun yanzu, domin digiri na biyu a wannan fanni rabinsa lissafi ne. In ta samu aiki a jami'ar gwamnati, asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai. Amma Alhaji, kada a auna albashin da cinikin Kwari.

TAMBAYA: Malam, ina digiri na biyu. Na haɗa alkaluman hauhawar farashi da na kuɗin da gwamnati ke kashewa na shekara 35, na zuba a manhajar ƙididdiga ta EViews, sakamako ya nuna dangantaka kusan ɗari bisa ɗari. Mai duba aikina ya dawo min da shi ya ce shirme ne. Ina laifina? Daga ɗaliba a Rijiyar Zaki.

AMSA: Malama, mai duba aikinki ya yi miki gata. Duk abubuwa biyu da suke hawa da tafiyar shekaru, kwamfuta za ta ce suna da alaƙa. Ki gwada yawan baburan A Daidaita Sahu da kuɗin sadaki, za ki samu irin wannan sakamakon, alhali ba ruwan wani da wani. Kafin komai sai an gwada kowane jerin alkaluma a ga ko yana komawa mazauninsa ko gaba kawai yake yi. In gaba yake yi, a yi aiki da bambancin shekara da shekara, ko a gwada ko akwai abin da ya ɗaure su tare na dogon lokaci. Sannan in za ki ƙara wasu abubuwan aunawa, ki sani alkaluman shekara 35 ba su ɗaukar ma'aunai bakwai ko takwas. Uku ko huɗu sun isa.

Akwai laifi na biyu da ɗalibai ba sa lura da shi: ma'aunin kansa yana canzawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi kashi 34.80 ce a Disamban 2024, a Janairun 2025 ta koma 24.48. Shinkafa ba ta sauko ba a wata guda, kwandon kayan da ake aunawa da shekarar da ake kwatantawa da ita aka sauya. Haka rashin aikin yi: kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai ga 4.1 a farkon 2023, saboda a da wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana ƙirga shi cikin marasa aiki, yanzu awa ɗaya ta wadatar. Wanda ya jera waɗannan a layi ɗaya bai yi bayani ba, ya haɗa kwano da tiya ya kira su mudu guda. Ki kuma sa alama a 1986 da aka fara shirin gyaran tattalin arziki na SAP, da 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira.

Shawararmu, ga kasuwar hatsi ta Dawanau a bakin ƙofarki. Ki zaɓi kaya huɗu, misali masara, gero, dawa da wake. Rana ɗaya a kowane mako, awa ɗaya, rumfuna uku da ba za ki canza ba. Ki tafi da sikeli, domin buhu suna ne kawai, wani a cike yake har baki, wani an rage masa kwano biyu. Ki raba sabuwar masara da tsohuwa, don sabuwa da danshi, nauyinta na ruwa ne. Kuɗin da aka faɗa miki da fari ba shi ne farashi ba. Ki tsaya gefe ki ji mai kaya ya gama cewa "albarka", sai ya ce "na sallama" za ki rubuta, ki kuma tambayi la'adar dillali da kuɗin mota daga ƙauye. Ki kwatanta abin da kika tara da rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ke fitarwa duk wata. Binciken da bai haɗa kaka da tsakiyar damina ba ya ga rabin labari ne kawai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ta yaya malamin jami'a ke kai wa ga ba gwamnati shawara? Ko sai da uwa a gindin murhu? Daga wani lakcara a Kabuga.

AMSA: Malam, ba za mu ce sanayya ba ta aiki ba. Amma hanyar a buɗe take. Dokta Shamsuddeen Usman, ɗan Kano, ya koyar a jami'a kafin ya zama ministan kuɗi a 2007. Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ya koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya shiga banki, ya riƙe Babban Banki daga 2009 zuwa 2014. Wanda ya gabace shi, Charles Soludo, farfesa ne a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, shi ya tilasta wa bankuna jarin naira biliyan 25 har 89 suka koma 25.

Abin da ke hana a saurari malamai shi ne suna kai wa kwamishina maƙala mai shafi 30. Ba zai karanta ba. Takardar shawara shafi biyu ce: matsalar da adadinta a sakin layi na farko, zaɓi biyu ko uku, kuɗin kowanne, wa zai amfana, wa zai yi asara, sai wanda ka zaɓa da dalilinka. Sashen masu asara shi ake yawan tsallakewa, kuma su ne za su kashe shirin in ba a yi lissafinsu ba.

Ka fara da abin da ke hannu. Jihohi na wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku. Ɗauki na Kano, ka jera abin da aka ware wa ilimi ko ruwan sha gefe da abin da aka saki, na shekara uku a jere. Ka gabatar a taron Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Najeriya, wadda aka kafa a 1957, ka kuma yi bayaninsa da Hausa a rediyo. In aikin kwangilar bincike ya fara zuwa, ka sanar da shugaban sashenka a rubuce, ka kuma bayyana wanda ya biya kuɗin a shafin farko na rahoton.