Filin Tambaya da Amsa: Haɗa Tallan Fim ɗin Zombi Mai Ban Tsoro da Ban Dariya

A wannan fitowa mun tattaro tambayoyin ɗaliban koyon aikin jarida da shirya fim waɗanda aka bai wa aikin aji iri ɗaya, wato su haɗa gajeren tallan fim a kan zombi, gawar nan mai tashi tana bin rayayyu, kuma tallan ya tsoratar ya ba da dariya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu shida ne a rukuninmu. An ce kada tallan ya wuce daƙiƙa 90, ga shi abin da muka rubuta ya kai minti huɗu. Da muka gwada wasan a gaban 'yan ajinmu, ba wanda ya tsorata, ba wanda ya dara. Ina muka kuskure? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ga dukkan alamu gajeren fim kuka rubuta, ba talla ba. Fim yana kai labari ƙarshe, shi kuwa talla ɗanɗano ne, a lasa wa mai kallo zuma a baki a janye cokali. Saboda haka duk abin da ya shafi yadda labarin ya ƙare, da dalilin ɓarkewar cutar da ke mayar da mutane zombi, da wanda ya tsira, ku cire shi. Wannan kaɗai zai rage muku rabin tsawon.

Ku raba daƙiƙa 90 ɗin kamar haka. Ashirin na farko rayuwa ce ta yau da kullum: layin ɗiban ruwa a ɗakin kwanan ɗalibai, mai shayi yana fifita wuta, wani yana haddar jarrabawa. Goman da ke biye nan ne abu zai lalace, kuma kada ku nuna fuskar zombi tukuna. Hannu a jikin gilashin taga, ko inuwa mai jan ƙafa a bango, ya wadatar. Daga daƙiƙa 30 zuwa 70 gudu ne da ɓuya da faɗa, hotuna suna ƙara gajarta, daga daƙiƙa uku kowanne har su koma ƙasa da ɗaya. Sai sunan fim ya fito a baƙin allo. Bayansa ku ajiye barkwancinku mafi ƙarfi, na daƙiƙa biyar zuwa takwas, domin shi mai kallo zai tafi da shi a rai. Gaba ɗaya kuna buƙatar hoto 35 zuwa 45. Ku zana kowanne a takarda kafin ranar ɗauka, ko da zanen 'yan firamare ne, ku sa masa lamba.

Batun rashin tsoro da rashin dariya kuwa, kusan kullum tushensa ɗaya ne: an bar zombi yana wasan barkwanci. Da zarar mai wasan zombi ya fara gatsine ko rangaji don a yi dariya, tsoro ya mutu, dariyar ma ta bi shi, domin babu sauran haɗarin da ake yi wa dariya a cikinsa. Zombi ya zama abin gudu na gaske daga farko har ƙarshe. Dariyar daga rayayyu take fitowa, mutanen da mutuwa ke ƙwanƙwasa musu ƙofa amma ƙananan damuwarsu ba su sake su ba. Wanda ya tsira da ƙyar sai ya juya don ya manta cajar waya. Mai shago ya hango zombi ya gane mai bashinsa ne, ya ɗauko littafin bashi. Shugaban aji yana kiran suna a bayan ƙofar da aka tokare da benci. Kuma su ma kada su nuna sun san abin dariya suke yi.

Akwai tsarin da ke aiki sosai: tsoro, shiru, sannan dariya. Ƙofa ta girgiza, kowa ya ɗauke numfashi na daƙiƙa biyu cur, sai wayar wani ta yi ƙara da waƙar biki. In kun gajarta shirun nan, barkwancin ya zube. Sannan ku lura da nisan kyamara. Tsoro yana son kusanci, ido da gumi da hannu mai rawa. Dariya tana son a ja baya a ga komai a hoto ɗaya, mai maganar yana ta surutu, zombi yana tahowa a bayansa bai sani ba. In kuka yanka wannan hoton gida biyu, kun kashe shi.

TAMBAYA: Malamai, ni aka ɗora wa kwalliya. Na shafa wa 'yan wasa farar hoda, suka fito kamar an zuba musu fulawa. Jinin da na haɗa da zoɓo kuma ruwa-ruwa ne, ya zama ruwan hoda a kyamara. Me zan yi? Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: Yawancin darussan da kike gani a intanet a kan farar fata aka yi su, shi ya sa. A baƙar fata, fari zalla yana zama a sama kamar abin rufe fuska. Abin da kike nema shi ne fatar da jini ya bari, wadda ta yi toka-toka ta dushe. Ki samo hodar ruwa ta kwalliya wadda ta fi fatar ɗan wasan haske da mataki biyu kacal, ki gauraya ta da ɗan fentin fuska ruwan toka. Kada ki shafa, ki riƙa dangwalawa da soson da kika yayyage bakinsa, ta yadda fatar asali za ta riƙa leƙowa nan da can. Daga nan ki zurfafa ramukan fuska da baƙi gauraye da shunayya mai duhu: kwarmin ido, ƙarƙashin ƙashin kunci, gefen goshi, gefen hanci. Leɓe ya zama busasshe mai toka. A ƙarshe ki bi da hoda marar launi don ta kama, in ba haka ba zafin rana zai wanke miki aikin cikin rabin awa. Kuskuren da ya fi tona asiri shi ne a gyara fuska a manta da wuya da kunne da bayan hannu da ƙafar da ke cikin silifa.

Rauni ana yin sa da ruwan roba da ake kira latas da takardar goge hannu. Ki raba takardar zuwa falle ɗaya, ki yage ta da hannu, kada ki sa almakashi, domin miƙaƙƙen gefe yana nunawa. Shafa latas siriri, ɗora takarda, sake shafawa, bari ya bushe, haka har sau uku ko huɗu. In ya bushe ki tsaga tsakiyar a hankali ki ɗaga gefen, ki fente cikin da baƙi, sannan ja mai duhu, jini ya zo a ƙarshe. Latas yana da sinadarin amoniya, don haka kada ya kusanci ido, kuma yana cizge gashi, sai ki shafa Vaseline a gira da gashin hannu tukuna. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa sam. Ki ɗiga kaɗan a cikin damtsen kowane ɗan wasa kwana ɗaya kafin aiki. Wanda wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bar shi da fenti kawai. In latas bai samu ba, ƙaron da aka jiƙa ya yi kauri yana riƙe takarda, sai dai gumi yana sassauta shi, a yi shi dab da ɗauka. Gam mai kama ƙarfe ko na kafinta kada ya taɓa fatar mutum. Haka gilashin ido mai launi da ake sakawa a ƙwayar ido: na kasuwa da ake karɓa-karɓa yana jawo ciwon da kan iya taɓa gani, ki bar shi, duhun kwarmin ido ya isa.

Zoɓo ba shi da kauri, kuma jansa ya karkata zuwa shunayya. Ga haɗin da ke aiki: kofi ɗaya na ruwan gulukos mai yauƙi da masu yin kek ke amfani da shi, cokali uku na ruwan ɗumi, ƙaramin cokali biyu na jar kalar abinci, ɗigo ɗaya ko biyu na shuɗiya, da cokali ɗaya na garin cakulan. Shuɗin ne ke kashe hasken jan, cakulan kuma ya hana haske ratsa shi. Ki gwada a farin ƙyalle ta cikin kyamara, ba da ido ba. In kina son tsohon jini da ya daskare, ƙara rabin cokali na garin Nescafé. Wannan haɗin ba ya cutarwa in ya shiga baki. Wanda za a zuba wa tufafi za ki iya sa masa ɗan sabulun wanke kwano don ya fita a wanki, amma ki ware kwalbarsa ki rubuta a jiki, kada ya je baki ko ido. Ki kuma san cewa zaƙinsa yana kiran ƙuda da tururuwa, a ajiye bokitin ruwa da tsumma kusa. A baƙar fata jini da sheƙinsa ake gane shi, saboda haka ki sa wa zombin da ke gaba riga fara ko mai haske.

Ki yi lissafin lokaci. Zombi mai cikakkiyar kwalliya yana cin minti 45 zuwa awa guda. Biyu kawai za ki yi wa haka, su ne na kusa da kyamara. Huɗu a ba su launi da jini, minti goma kowanne. Sauran na baya ƙura da yagaggun kaya sun ishe su. Kayan a sayo na gwanjo, a jiƙa a ruwan shayi mai kauri, a goge gwiwa da kafaɗa da dutse har su ɓule.

TAMBAYA: Da waya muke ɗauka. Hoton dare ya fito da yashi-yashi, wasu layuka suna yawo a ciki, maganar kuma ba a ji. Daga ɗalibai a Jos.

AMSA: Layukan daga wutar lantarki ne. Tamu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa. Ku sauke manhajar kyamara mai ba da damar saiti da hannu, ku sa hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawar idon kyamara (shutter) 1/50 na daƙiƙa. In da janareta kuke, kaɗawarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, layukan na iya dawowa. Ku kashe ƙwan ɗakin ku yi aiki da fitilun caji. Ku kulle haske da saitin gani kafin ku danna, ku kwantar da wayar a gicciye.

Yashin kuwa ƙarancin haske ne. Duhun fim ba rashin fitila ba ne, fitila ce aka ajiye a gefe ko a bayan mutum, rabin fuska ya haskaka rabi ya nutse. Ku ɗauka da rana a cikin ɗaki, ku toshe tagogi da barguna, fitila ɗaya mai ƙarfi a gefe, farin kwali a ɗaya gefen yana mayar da kaɗan. Na waje ku fita da sassafe kafin rana ta ɗago, hanya ba kowa. In aikin ya faɗo a Disamba ko Janairu, hazon hunturu zai ba ku abin da wasu ke sayen injin hayaƙi dominsa.

Sauti shi ne rabin tsoron, kuma nan ɗalibai suka fi sakaci. Wayar da ke ɗaukar hoto ta yi nisa da baki. Ku sa wata a aljihun gaban rigar mai magana, ko ƙaramin makirfo na maƙalawa kamar taƙi ɗaya daga baki, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka don ku daidaita su wajen tacewa. A kowane wuri ku naɗi daƙiƙa 30 na shirun wurin, da shi ake cike giɓi. Gurnanin zombi daga baya ake yin sa, a ɗaki mai katifa da labule, mutum uku su yi daban-daban, a rage saurin da kashi 20 cikin ɗari, a ɗora su kan juna. Karyewar ƙashi karas ne ko rake. Cizo kabeji ne. Fashewar kai kankana ce. Damƙar dafaffiyar taliya a kwano tana ba da ƙarar da ba mai son jin ta. Wajen haɗawa a manhajar tace bidiyo irin su CapCut ko DaVinci Resolve, magana ta tsaya wajen -12 a ma'aunin sauti, kiɗa ya sauka sosai duk lokacin da ake magana, kuma ku saurara ta lasifikar waya, domin ta nan akasarin mutane za su ji. Kada ku ɗauki waƙar wani. YouTube yana gane ta da kansa, ana iya toshe bidiyon. Mai kalangu ɗaya, ana ƙara saurin bugu yayin da gudu ke tsananta, zai yi muku aikin.

TAMBAYA: Muna so mu ɗauka a titin unguwa da kusa da maƙabarta. Sai mun nemi izini? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Maƙabarta ku bar ta gaba ɗaya, haka likkafani da makara. Mutane suna da iyaye a kwance a wurin, kuma labarin zombi na cuta ba ya buƙatar kabari. Titi kuwa, mutum goma jina-jina suna bin wani da gudu abu ne da zai iya tara jama'a da sanduna kafin ku buɗe baki. Harabar makaranta ranar Asabar ta fi muku, da takardar sashenku da sanin ofishin tsaro. In dole sai unguwa, ku kai takardar ga mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa kwanaki kafin ranar, ku gaya wa maƙwabta gida-gida, ku tsayar da mutum biyu a bakin layi suna yi wa masu wucewa bayani. Kada ɗan wasa ya bar wurin da kwalliya a fuska. Bindigar wasa kada ta fito ko kaɗan, adda da gora a yi su da kwali ko soso a fente. Kowane ɗan wasa ya sa hannu a takardar amincewa, yaro kuma mahaifinsa ya sa masa. In kuna da niyyar sakin tallan ga jama'a bayan an ba da maki, ku fara tambayar malaminku dokar jiharku. A Kano, misali, akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, kuma tana da ƙa'idoji a kan sutura da cuɗanyar maza da mata a fim, abin da ya shafi yadda za ku tsara wurin da zombi ke cafke mutum. Mafi sauƙi, namiji ya kama namiji, mace ta kama mace, cizon kansa kuma a yanke hoton kafin haƙori ya sauka, a bar kabejin ya ƙarasa.