Amsar tambaya kan harsuna a gidan Karniliyas

Salama 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Wannan amsa ce ga maman nan ta zumuntar mata da ta tambaya jiya, wai tunda mutanen gidan Karniliyas sun yi magana da waɗansu harsuna lokacin da Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu, ashe duk wanda bai yi ba bai karɓi Ruhu ba kenan? Toh mama, ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 10 mu bi abin a hankali.

Shi Karniliyas ɗin nan hafsan sojan Roma ne a Kaisariya, ba Bayahude ba ne, ba shi da kaciya, amma mutum ne mai tsoron Allah, ga sadaka ga addu'a. Bitrus kuma yana can Yafa gidan Saminu majemi a bakin teku, sai da Allah ya nuna masa wahayi har sau uku kafin ya yarda ya bi 'yan aiken da Karniliyas ya aiko masa, kuma da ya iso ma da bakinsa ya ce musu kun dai san bai halatta Bayahude ya shiga wurin bare ba. Kuma fa ba shi kaɗai ya je ba, sura 11 aya 12 ta ce 'yan'uwa 6 suka raka shi, duk masu kaciya, ki riƙe wannan.

Yana cikin wa'azi, bai ma gama ba, ba a ɗora wa kowa hannu ba, ba wanda aka yi wa baftisma, ba wanda ya ce musu ku maimaita kaza, kawai sai ji aka yi mutanen gidan suna magana da harsuna suna ɗaukaka Allah. Su wa suka yi mamaki? Waɗannan shidan. Ehen, nan ne maganar take. Su Yahudawan ne ke bukatar shaida, domin a ransu sai ka yi kaciya ka bi Shari'ar Musa tukuna, sai ga abin da ya same su ranar Fentikos, wato ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai a Urushalima, ya sauko wa Al'ummai, waɗanda ba Yahudawa ba, a gaban idonsu. Shi ya sa Bitrus ya ce wa zai hana su ruwan baftisma. Da ya koma Urushalima ai ca aka yi masa, wai ya shiga gidan marasa kaciya har ya ci abinci da su, da wannan hujjar ya kare kansa, ya ce shi wane ne da zai hana Allah, kowa ya yi shiru. Sura 15 ma da rigimar kaciya ta sake tashi labarin nan ya ɗauko.

Yanzu ki duba sauran. Babban ma'aikacin nan na Habasha da Filibus ya yi wa baftisma, Lidiya mai sayar da shunayya, mai tsaron kurkukun Filibi da iyalinsa, ba inda aka rubuta sun yi harsuna. A Afisa sura 19 an yi, wajen mutum 12 da Bulus ya ɗora musu hannu.

A Koranti kuwa inda yawanci Al'ummai ne, abin har ya zama na gasa, kowa na yi lokaci ɗaya ba mai jin wani, sai da Bulus ya ce in baƙo ya shigo ai cewa zai yi kun haukace. A 1 Korantiyawa 12 ya tambaya, duka ne ke magana da harsuna? Amsar a'a ce. Amma kar masu ƙin abin su yi murna, shi Bulus ya ce ya fi su duka yi, kuma ya ce kada a hana. Ƙa'ida kawai ya sa, mutum biyu ko uku, bi da bi, wani ya fassara, in ba mai fassara a yi shiru a cikin taro. Ni a ganina wannan ƙa'idar ce aka fi takawa a majami'unmu yau, kuma kowa a guruf ɗin nan ya san haka. Ku karanta 1 Korantiyawa sura 14, inda ƙa'idar take, gaba ɗaya kafin mu haɗu ranar Laraba.