Yadda ake gane inda fankishin ke hawa da inda yake sauka

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan f(x) = x³ − 3x, wato fankishin (ƙa'idar lissafi da ke ba da amsa ga kowace lambar da ka saka a madadin x), a ina yake hawa, a ina yake sauka. Fara fitar da diribatif ɗinsa, wato lissafin da ke nuna yadda fankishin ɗin ke canzawa: 3x² − 3. Daidaita shi da sifili, za ka samu x = −1 da x = 1.

Lambobin nan biyu sun raba layin lambobi zuwa yankuna uku. Sai ka ɗauki lamba ɗaya a kowane yanki ka gwada ta a cikin diribatif ɗin. A x = 0 amsar −3 ce, ƙasa da sifili, wato tsakanin −1 da 1 gangarowa yake yi. A x = 2 da x = −2 kuwa 9 ce, hawa ke nan.

Amma don Allah kada ka tsallake gwajin nan, nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa. Dubi x³: diribatif ɗinsa sifili ne a x = 0, duk da haka bai juya ba, hawansa ya ci gaba.