Kafin a sayi keken ɗinki, a fara gwada yaron

Tambayoyin wannan makon uku ne, duk daga jihar Sakkwato, a kan ɗalibai masu buƙata ta musamman da suka kai munzalin zaɓen sana'a.

Tambaya: Yarona shekararsa 16, shan-inna ta taɓa masa ƙafafu biyu, ya gama ƙaramar sakandare. Kawunsa ya ce zai saya masa keken ɗinki. In karɓa? Daga wata uwa a Mabera.

Amsa: Hajiya, ki yi wa kawu godiya, amma ki roƙe shi ya riƙe kuɗin nan tsawon wata biyu. Mun saba raba sana'a bisa lalura: gurgu ɗinki, makaho saƙa, kurma kafinta, ba tare da an tambayi mai abin ba. Shi ya sa kekuna da yawa ke ƙarewa a ƙuryar ɗaki an lulluɓe su da zane.

A fara da likitan ƙashi ko mai gashin jiki, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. Abin da za a nema a rubuce shi ne ƙarfin hannuwa da kafaɗu, ko ƙashin bayansa ya karkace, da tsawon lokacin da zai iya zama ba tare da ciwo ba. Tela yana wuni a sunkuye. Yaron da bayansa ke ɗaukar ciwo bayan awa ɗaya, ɗinki zai zame masa azaba ko da yana son sa.

Daga nan sai gwajin aiki, wanda a gida ma za a iya. A zana layuka a takarda, miƙaƙƙu da masu lanƙwasa, a cire zare daga keken maƙwabci, ya bi layin da allura. A ba shi tef ya auna faɗin kafaɗar riga ya rubuta, ya zura zare a allura sau biyar ana duba agogo. Kada a yanke hukunci da ranar farko, kowa yana ɓata ta. A ajiye takardar ranar farko, a kwatanta da ta rana ta goma. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne amsar.

Sannan a kai shi shaguna uku mabambanta, mako biyu-biyu: tela, mai gyaran waya, da baduku, tunda Sakkwato gidan aikin fata ce. A roƙi kowane maigida ya lura ko yana zuwa a kan lokaci, sau nawa ake maimaita masa abu, yaya yake karɓar faɗa, kuma ko yana taɓa aiki ba tare da an sa shi ba. Shi ma yaron a tambaye shi wane shago yake ɗokin komawa, amma ba a gaban kawu ba, don kunya za ta sa ya ce ɗinki.

A duba shagon kansa. Ƙofar da ba ta kai faɗin santimita 80 ba za ta wahalar da keken guragu. In akwai dakali, ƙa'idar gangara ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi 12 na tsawo, wato dakali mai santimita 15 yana son gangara mai 180. A kuma tambayi inda zai kama ruwa. Wannan ita ce tambayar da ake jin nauyin yi, alhali tana cikin abubuwan da ke sa yara barin koyo.

In ɗinkin ne ya fito, kada a sayi keke mai feda. Ban da cewa ba zai iya takawa ba, ƙafafun ƙarfen teburin suna tare keken zamansa. Mai juyawa da hannu yana cinye hannun dama, ya bar hagu kaɗai yana riƙe yadi, aiki ya yi nawa. Mafi dacewa a sayi kan keken kawai, a ɗaura masa ƙaramin injin lantarki, a ɗora matakin injin a kan tebur ya riƙa dannawa da gwiwar hannu. Kafinta ya yi teburin da gwiwoyinsa za su shige, kimanin santimita 70 daga ƙasa. Sai dai a sa kuɗin sola ko janareta cikin lissafi tun farko.

Duk wannan bai hana shi ci gaba da babbar sakandare ba. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi ilimi kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati. Gurbin kuwa sai da takardar makaranta.

Tambaya: 'Yata mai shekara 14 ba ta ji sosai. Na ga na'urar kunne a kasuwa da araha, in saya? An kuma ce in sa ta a injin markaɗe tunda ƙara ba ta damun ta. Daga wani uba a Tambuwal.

Amsa: Malam, duka biyun a'a. Ta kasuwa ƙara sauti kawai take yi, muryar mutum da kukan babur duk ɗaya, alhali kowane kunne da irin sautin da ya rasa. A kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinta, a ba ku takardar da ake kira odiyogiram. Wani lokaci ma dattin kunne ne ko ruwa a bayan dodon kunne, magani ya ishe shi. In awon ya nuna rashin jin ya wuce desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), na'ura ba lallai ta sa ta fahimci magana ba, gara a ƙarfafa yaren hannu. In ƙasa da haka ne, a sayi mai rataya a bayan kunne, a saita ta bisa takardar, a yi mata toshiya daidai ramin kunnenta. Kafin a biya, a tabbatar ana samun batirinta a Sakkwato, domin yakan ƙare cikin mako ɗaya zuwa biyu. Gumin bazara da ƙurar hunturu suna kashe na'urar, sai a riƙa goge ta kullum da dare, a buɗe gidan batirin ta sha iska.

Injin markaɗe kuwa zai cinye ɗan jin da ya rage mata. Wajen gwada ta a sana'a, a nuna mata aiki da hannu ta kwaikwaya, ko a nemi malamin da ya iya yaren hannu, irin na Makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman da ke cikin garin Sakkwato. Yaro kurma yakan faɗi gwajin rubutu don harshen tambayar bai zauna masa ba, sai a ɗauka kansa ne ba ya ja.

Tambaya: Ƙanena makaho ne, yana aji biyu a babbar sakandare, yana son jami'a. Kuɗina abu ɗaya za su saya: na'urar Perkins ta buga rubutun makafi ko kwamfuta? Daga wani a Gidan Igwai.

Amsa: In ya riga ya iya rubutun makafi na Biril da allo da tsinkensa, kwamfutar hannu za ta fi yi masa amfani, ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce, muddin batirinta na riƙe caji. A sa mata NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke kan allo, kyauta ce, ba sai an biya kuɗin takwararta JAWS ba. Amma a gwada shi tukuna: mako biyu a kwamfutar aro, a ga ko yatsunsa sun fara gane madannai, kuma ko kunnensa na kama Turancin muryar na'urar. Lokacin cike fom ɗin WAEC da JAMB, a tabbatar an rubuta cewa makaho ne, domin da wannan ake tanadar masa jarrabawa ta musamman. In aka bari sai ranar zama, takardar masu gani za a miƙo masa.